Harajin da Ke Cikin Katin Waya: Mu Muke Biya, da Sunan Wa Ake Rubutawa?



 

Zan fara da lissafin da kowa a zauren nan zai iya yi da kansa. Idan ka sa katin naira 1,000 a wayarka, ka cinye shi a kira ko a data, ba na dubu ɗaya cur kamfanin ya sayar maka ba. Abin da ka saya na naira 930 ne da 'yan kwabbai. Ragowar, kusan naira 70, harajin VAT ne, kashi 7.5 cikin 100 da aka riga aka cusa a cikin farashin. Kamfanin ya karɓa a madadin gwamnati, zai miƙa mata. Ba wanda ya tsayar da kai, ba wanda ya ba ka rasit. Tsohuwar da ke Kudai ko Sakwaya a nan ƙasar Dutse, wadda jikanta ya tura wa katin naira 200 don ta kira ɗanta da ke ci-rani a Legas, ita ma ta biya nata kason, kusan naira 14. Idan ka tambaye ta ko tana biyan haraji, za ta ce maka ai tun zamanin Gwamna Rimi aka soke.

Kuma ba ƙarya ta yi ba, gwargwadon abin da ta sani. Manyanmu da ke nan sun ga harajin da ake kira haraji. Hakimi ya aiko wa dagaci, dagaci ya tara masu unguwanni, a bi gida-gida ana ƙidaya baligai. Wanda ya biya a ba shi takarda ya naɗe ta a cikin hula ko a laya, domin ranar kasuwa ana iya tare shi a ce ya nuna. Wanda bai da shi ya sayar da akuya, ko ya jinginar da gona, ko ya bar gari da asuba. Bafulatani yana da nasa, jangali, a kan kowane kan saniya. Tun kafin Turawa akwai kuɗin ƙasa, akwai kuɗin karofi a kan marina, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa jangali a cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su. NEPU ta Malam Aminu Kano ta gina siyasarta a kan wannan kukan. Da Abubakar Rimi ya hau gwamnan tsohuwar Jihar Kano a 1979, lokacin Dutse da Birnin Kudu da Jahun duk suna cikinta, ya soke haraji da jangali, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna.

Wancan haraji yana da zafi, yana da wulaƙanci, amma yana da fuska. Talaka ya san nawa ya biya, ya san hannun wanda ya karɓa, shi ya sa ya iya yi masa bore, shi ya sa kuma ya iya tambayar abin da aka yi da shi. Na yau ba ya tsayar da kowa a bakin kasuwa. A cikin aljihu yake bin mutum, kullum, kaɗan-kaɗan. Mutumin da bai san yana biya ba kuwa, ba zai taɓa tambayar inda kuɗinsa ya tafi ba. Wannan shi ne abin da ya fi damuna, kuma shi ya kawo ni gabanku.

Bari mu tuna yadda wayar ta shigo mana. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane lasisi dala miliyan 285. A watan Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Kafin nan layukan wayar girke na NITEL da ke aiki a ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba. Layi ɗaya a farkon nan yakan haura naira dubu 20, kira kuma naira 50 a minti, ko da gaisuwa ka yi ka kashe. Sai da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan sauran suka sauko. A wancan lokaci wanda ya riƙe waya a Dutse ana saninsa. Jiharmu ta Jigawa ma ba a bar ta a baya ba: gwamnatin Saminu Turaki ta kafa kamfanin Galaxy a nan Dutse da makarantar Informatics a Kazaure, a lokacin da jihohi da yawa masu kuɗi ba su san amfanin intanet ba. Mutane sun yi ta muhawara a kan ko abin ya dace da halin da talaka ke ciki, amma ba wanda zai ce Jigawa baƙuwa ce a wannan fage.

Da a ce a 2001 aka ɗora wa waya haraji na musamman, da ba wanda zai yi kuka, domin mai hali ne zai biya. Haka Amurka ta yi a 1898, lokacin yaƙinta da Sifaniya: ta sa haraji a kan kiran waya domin a lokacin sai attajirai ke da ita. Yaƙin ya ƙare cikin 'yan watanni. Harajin aka yi ta sokewa ana dawo da shi, har ya zauna daram, ba a daina karɓarsa a kan kiran nesa ba sai 2006. A tsakanin nan waya ta tashi daga falon attajiri ta shiga ɗakin lebura, harajin ya bi ta. Gwamnati idan ta ɗanɗana kuɗin da ke shigowa ba tare da ta aiki kowa karɓowa ba, da wuya ta sake shi.

Yau waya a Jigawa ba kayan ado ba ce. Je ka kasuwar Shuwarin ka ga yadda dillalin hatsi ke kiran Dawanau kafin ya yanke farashin buhu. Mai riɗi da mai zoɓo suna jin farashin Maigatari tun kafin su ɗora kaya a mota. Mai dabino a Dutse yana ɗaukar hoto ya tura wa mai saye a Abuja. Yaron da zai rubuta JAMB ba zai samu lambar rajista ba sai ya tura saƙo da lambarsa ta ɗan ƙasa daga layinsa, a cire masa naira 50, sannan sauran aikin duk a intanet yake. A farkon 2023, da takardun kuɗi suka ɓace, wanda bai da waya ko bai san mai POS ba ya kwana da yunwa alhali yana da kuɗi a banki. Kuma mun ga abin da ya faru da 'yan'uwanmu na Zamfara a watan Satumban 2021 da aka rufe layukan waya saboda tsaro: mutane suka riƙa hawa mota zuwa Funtuwa don su yi kira ko su karɓi kuɗin da aka turo musu. Abin da rashinsa ke tsayar da ciniki, ya hana ɗalibi jarrabawa, ya raba uwa da labarin ɗanta, wannan hanya ce, kamar titin da ya tashi daga Kwanar Huguma ya shigo Dutse.

To me aka ɗora wa wannan hanya?

Na farko shi ne VAT ɗin da na fara da shi. Dokar soja mai lamba 102 ta 1993 ce ta kawo shi, ya fara aiki a Janairun 1994 a kan kashi 5, ya maye gurbin harajin sayar da kaya da jihohi ke karɓa. Ya zauna a haka shekara 26, sai Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗaga shi zuwa 7.5 daga 1 ga Fabrairun 2020. A shekarar 2019 ɗin ma Sanata Ali Ndume ya gabatar da ƙudurin a sa harajin kashi 9 a kan kira da saƙo da data da tashoshin talabijin na biya, a matsayin madadin ƙarin VAT. Ƙudurin bai zama doka ba.

Wanda ya fi jan ƙafa shi ne harajin kashi 5 na musamman. Dokar Kuɗi ta 2020 ta saka sadarwa a jerin abubuwan da za a iya ɗora wa irin harajin da ake ɗora wa taba da giya. Ku lura da wannan: irin harajin da ake sa wa abu don a rage shansa. A tsakiyar 2022 Ma'aikatar Kuɗi ƙarƙashin Zainab Ahmed ta ce za a fara karɓa, wato a haɗa da VAT ya zama kashi 12.5. Ministan Sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya fito fili ya ƙi, ya ce kamfanonin sadarwa sun riga suna biyan haraji da tara iri-iri sama da arba'in. A Satumban 2022 aka dakatar, a Maris 2023 aka ce an janye. Bai mutu ba: sai da Shugaba Tinubu ya sake dakatar da shi a Yulin 2023, ya kuma sake ɓullowa a cikin daftarin dokokin haraji na 2024. Sai a Agustan 2025 shugaban NCC, Aminu Maida, ya sanar cewa an soke shi gaba ɗaya. Shekara biyar ana kai ruwa rana a kan abu ɗaya. Na yaba wa duk wanda ya tsaya a kan a cire shi, amma wanda ya ga sau nawa aka binne shi yana tasowa ba zai saki jiki ba.

Sai ƙananan da ba su kai a yi musu taro ba amma suna ci. Naira 50 a kan kowace tiransifa ta naira dubu 10 zuwa sama, wadda tun Disambar 2024 ta haɗa har da masu amfani da OPay da Moniepoint da PalmPay. Naira 6 da kwabo 98 duk lokacin da ka danna lambobin banki a ƙaramar waya. Wannan ba haraji ba ne, kuɗin aikin kamfani ne, amma aljihu ɗaya yake fita, kuma mai ƙaramar waya ne ke biyansa, ba mai babba ba. A Mayun 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su fara cire rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan tura kuɗi da sunan tsaron intanet, jama'a suka yi ca, aka janye cikin 'yan makonni.

Sannan a Janairun 2025 NCC ta amince kamfanoni su ƙara farashi da kashi 50; su ninki suka nema. Kira ya tashi daga wajen naira 11 zuwa 16 da rabi a minti, saƙo daga naira 4 zuwa 6. Kamfanonin suna da hujjarsu: dizal ɗin da ke kunna injin ƙarfen sabis ya yi tsada, naira ta faɗi, kayan aikinsu da dala ake sayowa. Amma akwai abin da ba a faɗa da ƙarfi ba. VAT kaso ne na farashi. Ranar da farashin minti ya ƙaru da rabi, harajin da ke kan minti ya ƙaru da rabi, ba tare da majalisa ta zauna ba.

Wa wannan nauyi ya fi dannewa? A binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019, kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya ke ƙasa da layin talauci. A Jigawa kashi 87 ne, Sakkwato da Taraba kaɗai suka fi mu. Naira 70 a cikin dubu ɗaya, babban ma'aikaci a sakatariya ba zai ji ta ba. Mai yankan farce da mai tura baro da matar da ke soya awara a ƙofar gida, a wurinsu kuɗin omo ne ko na magi. Ƙari a kan haka, talaka ya fi sayen data da tsada, domin ta kwana ɗaya yake iya saya, ta naira 100 ko 200, alhali mai sayen ta wata guda a dunƙule yana samun rangwame. Idan sabis ya yi rauni a ƙauyensu, hoton ya ƙi tafiya ya sake turawa, ko kwanan ya cika datar ta ƙone bai yi amfani da ita ba, harajin an riga an cire.

Wasu ƙasashe sun gwada mana abin da ke biyo baya idan aka matsa. A Yulin 2018 Uganda ta sa shilin 200 a kullum ga duk mai son shiga Facebook ko WhatsApp. Miliyoyin mutane suka daina shiga, wasu suka koma bi ta ɓarauniyar hanya, kuɗin da aka yi hasashe bai taru ba, a 2021 aka sauya shi da harajin kashi 12 a kan data. Gana ta sa kashi 1.5 a kan tura kuɗi ta waya a Mayun 2022, mutane suka koma riƙon tsaba, aka rage zuwa kashi 1, Shugaba John Mahama ya soke shi a 2025. A Lebanon, a Oktoban 2019, sanarwar harajin kiran WhatsApp ce ta fito da jama'a kan titi har gwamnati ta faɗi.

Kada a fahimce ni cewa ina kira ga kada a biya haraji. Asibitin Rasheed Shekoni da makarantun firamarenmu da albashin malamansu ba da iska ake tafiyar da su ba, kuma kason VAT da ke zuwa daga Abuja kowane wata yana cikin abin da ke riƙe da jihar nan da ƙananan hukumominta 27. Haka nan ina goyon bayan a kamo manyan kamfanonin waje da ke kwasar kuɗi a nan ba su da ko rumfa. Tun 2020 aka yi ƙa'idar cewa kamfanin intanet na waje da ke samun sama da naira miliyan 25 a shekara daga Nijeriya ya shiga komar haraji, kuma daga Janairun 2022 Facebook ya fara karɓar VAT a kan tallan da ake sawa daga ƙasar nan. Sai dai mu san bambanci: harajin riba kamfanin ke biya, VAT ɗin talla kuwa yarinyar Takur mai sayar da turaren wuta ce ke biya lokacin da ta sa naira dubu 5 don a nuna kayanta. Kamfanin ɗan aike ne kawai.

Yanzu na zo kan gundarin magana, kuma ina roƙon ku ba ni hankalinku.

Shekara da shekaru ana yi mana gori da VAT. Ana buga jadawali a jaridu: ga abin da Legas ta tara, ga ɗan abin da Jigawa ta tara, ga kuma abin da kowa ya karɓa. A kan ƙara da cewa jihohin da ke bin shari'a suna fasa kwalaben giya amma suna cin harajinta. A Agustan 2021 Jihar Ribas ta samu hukunci a Babbar Kotun Tarayya ta Fatakwal cewa ita ya kamata ta karɓi VAT ɗinta, Legas ta bi sahu da tata dokar, maganar ta tafi kotunan sama. Gaskiya ɗaya ce: Legas ta fi mu ciniki nesa ba kusa ba, kuma muna karɓar fiye da abin da aka rubuta da sunanmu. Amma a tambaya, ta yaya ake rubutawar? A tsohon tsari, VAT ana jingina shi ga inda kamfani ya miƙa shi, wato inda hedikwatarsa take. MTN da Airtel da Glo duk a Legas hedikwatarsu take. Saboda haka naira 14 ɗin tsohuwar Kudai, da naira 70 ɗinka, da na ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da ke kwana suna saukar da littattafai, duk a littafin gwamnati Legas ce ta biya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wannan ne ya sa rigimar dokokin haraji ta yi zafi. A tsohon rabo, Tarayya na ɗaukar kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. A cikin kason jihohi, rabi ana raba shi daidai-wa-daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 20 bisa inda kuɗin ya fito. Daftarin da kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara ya nemi a kai na ukun nan kashi 60. Gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a Kaduna a ƙarshen Oktoban 2024 suka ce ba su yarda ba, kuma tsoronsu yana da tushe: idan aka ninka wannan kaso sau uku alhali littafin yana nan yadda yake, mu ne za mu kwana a ciki. Daga baya aka daidaita. Dokokin da Shugaban Ƙasa ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, suka fara aiki 1 ga Janairun 2026, sun bar VAT a 7.5, sun rage kason Tarayya zuwa 10, sun kai na jihohi 55, ƙananan hukumomi suna nan a 35. A cikin rabon jihohi, rabi daidai-wa-daida, kashi 20 yawan jama'a, kashi 30 bisa wurin da aka ci kayan ko aka yi amfani da hidimar.

Ku duba abin da ya faru da mu a nan. An rage mana kason yawan jama'a daga 30 zuwa 20, kuma yawan jama'a abu ne da Allah Ya ba mu. A madadinsa an ce za a lissafa abin da muka saya a inda muka saye shi. Idan aka yi lissafin da gaskiya, za mu iya fanshe wani abu. Idan aka yi shi da ka, mun yi biyu babu.

Kuma babu hajar da ta fi waya sauƙin lissafi. Buhun siminti ko katan ɗin taliya, dila a Kano ne ya saro daga kamfani, ɗan kasuwar Dutse ya je kasuwar Singa ya ɗauko. Kamfanin bai san kayan sun ƙetaro Wudil ba, a takardarsa Kano ce ta ci. Wannan matsala ce babba gare mu, domin kusan duk abin da ke kantunanmu ta Kano ya biyo. Waya ba haka take ba. Duk kiran da ka yi, duk hoton da ka buɗe, ta wani ƙarfen sabis ya bi, kuma kamfanin ya san ƙarfen nan a Kiyawa yake ko a Miga ko a Buji. NCC da Hukumar Ƙididdiga suna ma fitar da adadin layukan da ke aiki jiha-jiha. Bayanin yana nan. Abin tambaya shi ne da wane ma'auni za a auna. In an bi inda babban dilan kati yake, Kano za ta ɗauke namu. In an bi hedikwatar bankin da ka sayi kati ta manhajarsa, mun koma Legas. In an bi adireshin rajistar layi, wanda ya yi rajista a Kano ko Kaduna yana zaune a Gida Dubu ya fita daga lissafinmu. Ma'aunin da ya dace da kalmar doka shi ne ƙarfen da ya ɗauki kiran.

Don ku ga girman abin, mu ƙaddara, ƙaddarawa kawai, mutum miliyan ɗaya a jihar nan kowa yana kashe naira 2,000 a wata a kati da data. Naira biliyan 2 ke nan. VAT ɗin da ke cikinta ya kusa naira miliyan 140 a wata, sama da biliyan ɗaya da rabi a shekara. Ba duka ne zai dawo mana ba, tukunya ɗaya ake zubawa a raba. Amma shi ne zai nuna nauyinmu a ma'aunin kashi 30 ɗin nan, shi ne kuma amsar mai gori.

Wa zai tsaya a kan wannan? Kwamishinan kuɗi na kowace jiha yana zama a kwamitin rabon arzikin ƙasa duk wata. Gwamnanmu, Malam Umar Namadi, ya riƙe wannan kujera ta kwamishinan kuɗi kafin ya zama mataimakin gwamna, saboda haka ɗakin ba baƙonsa ba ne. Shugaban NITDA, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗejia ne. Muna da sanatoci uku da 'yan majalisar wakilai. Muna da masana lissafi da na kwamfuta a jami'o'inmu na Dutse da Kafin Hausa. Abin da nake nema shi ne hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha ta ware mutane, ko da uku ne, aikinsu kawai su nemi alƙaluman da kamfanonin waya ke miƙa wa hukumar haraji ta tarayya da sunan Jigawa, su gwada su da yawan layukan da NCC ta ce suna aiki a nan, in an ga giɓi a ɗaga murya tun ma'aunin bai kafu ba. Tsarin da aka fara da shi a shekarar farko shi ne yakan zauna.

Akwai kuma abin da yake hannunmu kacokan. Kamfani ba zai binne wayar intanet a gefen titi ba sai ya biya jiha kuɗin hanya. Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta tsayar da naira 145 a kan kowace mita tun 2013, wato naira dubu 145 a kilomita, amma wasu jihohi suka riƙa karɓar dubbai a kan mita ɗaya. A 2020 Kaduna ta yafe kuɗin baki ɗaya, Kwara ta mai da shi naira 1 a kilomita. A sabon rabon nan, hikimar hakan ta fito fili. Kuɗin hanya sau ɗaya ake karɓa. Ƙauyen da sabis ya isa kuwa, kowane kati da aka sa a cikinsa har abada yana ƙara wa jiha nauyi a ma'auni. Haka yake ga jami'in ƙaramar hukuma da zai je ya garƙame ƙarfen sabis da kwaɗo saboda wani kuɗin fili: ranar da ƙarfen ya yi shiru, mai POS bai yi ciniki ba, mai cajin waya bai ga kowa ba, kuma ƙaramar hukumar da kanta tana da kaso a cikin kashi 35 ɗin da ta toshe wa hanya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shugabannin ƙananan hukumomi su kawo jerin garuruwan da har yanzu sai an hau tudu ko bishiya ake samun sabis. Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa asusu na musamman, USPF, don kai sabis irin waɗannan wurare da kamfani ba ya ganin riba, kuma daga kuɗin da kamfanoni ke biyan NCC ake ciyar da shi, wato daga katinmu. Jihar da ta je da jerin sunayen ƙauyuka a hannu ta fi wadda ta zauna jira.

Abu na ƙarshe ƙarami ne, kuma na fi son sa. Duk lokacin da ka sa kati, kamfani yana turo maka saƙo cewa kuɗinka sun shiga. Yana da wurin da zai tallata maka waƙar kira da bashin kati a ƙasan saƙon. Ina roƙon 'yan majalisarmu su nemi NCC ta wajabta ƙarin layi ɗaya a wurin: a cikin wannan dubu, naira 70 haraji ne. A rubuta shi da Hausa ga wanda ya zaɓi Hausa. Tashoshin rediyonmu kuma, da limamanmu, da malaman makaranta da ke zauren nan, su faɗa wa mutane tun kafin saƙon ya zo. Kakanninmu takardar haraji suke naɗewa a hula, kuma da ita suke tsayawa gaban hakimi su ce rijiyar garinsu ta rufta. Ina so tsohuwar nan ta Kudai, ranar da kansila ya zo neman ƙuri'a, ta buɗe wayarta ta nuna masa nata rasit ɗin, ta tambaye shi maganin asibitin garinsu.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi.